Uwar Mijina da Ɗakin Juma'a

Ubangiji ya kira baiwarsa gida. Uwar mijina ta rasu a nan Tamanrasset, nesa da ƙauyen ƙasar Maraɗi inda aka yanke mata cibi, a nan kuma muka sa ta a ƙasa. Da muka dawo daga makabarta, na tarar da tsakar gidanmu cike da mutane har bakin ƙofa. Na tsaya da kwanon ruwa a hannu ina bin fuskoki da kallo, raina yana tafasa.

Ga matar nan mai sayar da turare, wadda ta taɓa cewa a gaban jama'a tsohuwa ce ta tsare wa ikilisiya hanya, yau ita ce ke birgima a ƙasa tana ihu, "Uwarmu! Wa kika bar mana?" Sai da aka rirriƙe ta. Ga wani dattijo da ya daina gaishe ta shekara da shekaru, yana share ido da bakin riga, wai ba za a sake irinta ba. A tsakiyarsu kuma ɗan ƙanenta ne, wanda suke kira Fasto, sanye da farar kwat cikin wannan zafi, ya ɗaga hannu sama yana jawabi: "Gwaggo ce ta aza harsashi, mu kuma muka ɗora gini." Na ce a raina, wane gini? Wanda ya rufto a kan mutane?

Waɗanda ta'aziyyarsu ta shiga raina a waje suke zaune. Magina ne, abokan aikin mijina, Musulmi 'yan Damagaram da Agadas. Su suka haƙa kabarin a ƙasar nan mai tauri, hannuwansu duk sun yi bororo. Babbansu ya ce wa mijina, "Allah ya ba ku haƙuri. Tsohuwa ta zage ni ya fi a ƙirga, amma ban taɓa tashi daga gaban tukunyarta da yunwa ba." Matar mai gidan da muke haya, Ba'abziniya, ta kawo dabino da shayi, ta zauna kusa da ni. Can ta ce da Hausarta mai karyewa, "Yanzu wa zai yi mini faɗa in awakina sun shigo muku?" Wannan maganar ce ta sa ni kuka a ranar, ba ihun mai turare ba.

Na zauna rubuta wannan don kada maƙaryata su riga ni. Nan da ɗan lokaci za su mai da ita wata tsohuwa mai taushin hali, mai murmushi, wadda ta yarda da duk abin da suka yi. Ba haka take ba. Mace ce mai zafi, mai kaifin harshe, ni da ita mun daɗe ba ma shan inuwa ɗaya. Zan faɗe ta yadda take.

Ta zo mana ne bayan rasuwar mijinta. Ta sauko daga bayan babbar mota da ƙunshin kaya ɗaya da katuwar tukunyar ƙarfe, ta ƙi barin kowa ya ɗaukar mata tukunyar. Mijina ɗanta ne na fari, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wancan" take ce masa, ni kuma "matar wancan." Ranar da ta iso na yi mata miyar kuka da hannuna, na zuba duk abin da nake da shi. Ta ɗanɗana, ta ajiye cokali, ta ce, "Matar wancan, a garinku gishiri kyauta ake rabawa?" Daga nan muka fara.

Ba ta kwana da yawa ba ta tambayi ɗanta ina ake sujada. Ya ce, "Inna, nan ba gida ba ne. Lahadi ranar aiki ce a ƙasar nan. Ba mu da wurin taro da harshenmu, kuma baƙo irina ba ya neman a san da shi. Kowa a zuciyarsa yake addu'a."

Ta dube shi tun daga sama har ƙasa. Ta ce, "Na ga zuciyar taka. Barci take yi."

Akwai wani ɗan ɗaki a ƙarshen tsakar gida inda yake ajiye cebur da ragowar buhunan siminti. Ta fitar da su waje da kanta, ta share, ta yayyafa ruwa, ta shimfiɗa tabarma. Kafin a yi taron farko sai da ta ɗaura kallabi ta nufi wajen mai gidan da muke haya, dattijo ne mai rawani, ba ya yawan magana. Na bi ta. Ta ce masa, "Malam, mu Kirista ne. Ranar Juma'a da safe za mu riƙa roƙon Allah a ɗakin can. Na zo in faɗa maka da bakina, kada ka ji a bakin wani." Ya daɗe yana juya ƙaramin kofin shayinsa. Ya ce, "Kunnena ya tsufa. Amma na maƙwabta bai tsufa ba." Ta ce, "Na gane."

Haka muka fara, mu uku. Ita ba ta yi lekkol ba, wato makarantar boko, ba ta iya karatu, don haka ni nake karanta Maganar Allah. In na yi tuntuɓe a kalma sai ta gyara mini daga ka, don ta haddace abin da ni nake lalube a takarda. Waƙa kuwa ƙasa-ƙasa muke yi, babu ganga, babu tafi. In wani ya ɗaga murya sai ta taɓa masa gwiwa ta ce, "Ubangiji ba kurma ba ne."

Yadda ɗakin ya cika, daga tukunyar nan ne. Tana sayar da dambu da tuwo a gefen kasuwar Assihar, inda 'yan aikin gini ke zuwa cin abinci da rana. Tana da ido. In saurayi ya karɓi kwano ya ɗan sunkuyar da kai, ya motsa leɓe yana waige-waige kada a gan shi, ta gane ɗan gida ne. Sai ta jira ya gama ci, ta ce, "Kai ɗan wane gari ne? Uwarka ta san ka daina sujada?" Ranar Juma'a sai ka gan shi a bakin ƙofarmu yana sosa ƙeya. Musulmi kuwa ba ta taɓa tare su da wa'azi ba. Lokacin azuminsu takan ɗora tukunya da yamma ta musamman don buɗa baki, wanda ba shi da ko sisi ta zuba masa tana masifa, wai ya rame kamar sandar makiyayi.

Duk wanda ya fara zuwa sujada kuwa ya shiga uku in ya yi fashi. Ba ta yarda da "mako mai zuwa" ba. Takan ce, "Wanda ya ce mini mako mai zuwa, na san na rasa shi." Ranar Asabar za ta ɗauki sandarta ta bi shi har wurin gini, ta tsaya ƙarƙashin katako ta ɗaga kai: "Kai! Sauko. Ciwo ka yi ko mutuwa?" Ƙatti masu gemu suna saukowa suna ba ta haƙuri, abokan aikinsu na dariya. Na sha ce mata, "Inna, kuna kunyata mutane." Sai ta ce, "Ke karatu na sa ki, ban sa ki shawara ba."

A hankali ɗakin ya kasa ɗaukarmu. Mata suka koma zama a bakin ƙofa, yara a kan cinya. Akwai 'yan Dogondutsi, akwai 'yan Nijeriya da ke kan hanyar arewa suka maƙale. Wanda ba shi da wurin kwana a nemo masa, wanda ya faɗo daga gini a yi jinyarsa. Kora kuwa ba a daina ba, don a garin nan hukuma na kwashe baƙi a kowane lokaci a kai su iyaka. Wata Juma'a mu cika, wata a tarar an kwashe rabi. Ba ta taɓa fasa buɗe ɗakin ba.

A nan ne ɗan ƙanenta ya iso. Ya yi 'yan shekaru a kudu, ya dawo da kwat, da molon lantarki, da lasifika mai girman akwati, da baki mai daɗi. Ita ta karɓe shi, ta ciyar da shi, ta ba shi dama ya yi wa'azi tunda shi ya yi karatu. Gaskiya ya iya magana. In ya fara, har tsigar jikinka ta tashi. Kullum maganarsa ci gaba ce: lokacin ɓuya ya wuce, wuta ta kama, dole a hura ta, duk abin da ya tare hanya a ture shi. Da farko mun ɗauka Shaiɗan yake nufi.

Wata Juma'a bayan sujada ya miƙe ya ce ya samo gareji a wata unguwa, mai faɗi, za a sa kujeru da lasifika, a yi yabo yadda ya kamata. Inna tana zaune a kan tabarma da ƙafafu a miƙe. Ta ce, "Wa ka tambaya a unguwar?"

Ya ce, "Gwaggo, wanda ya aiko ni ba ya neman izinin mutum."

Ta ce, "Maƙwabta fa?"

"Su ji. Don su ji muka zo."

Ta ce, "Kai kana da takardun zama. Duba bayanka. Wa ke da su cikin yaran nan? In aka zo, kai za a duba takardarka a ce ka tafi. Su fa?"

Sai ya juya ga jama'a yana murmushi, ya ce, "Kun ji? Wannan shi ne ruhun tsoro. Gwaggo ta yi nata zamanin, Allah ya saka mata. Amma wani lokaci dutsen da ke kan hanyar ikilisiya a cikin gida yake zaune."

A nan ne mai turare ta ce, "Amin! A faɗi gaskiya, tsohuwa ce ta tsare mana hanya." Inna ta dafa bango ta miƙe. Ta ce, "Da hannun nan na yi maka tsarki kana jariri. Yau ni ce dutse. To, dutse ba ya tafiya. Ku ku tafi."

Suka tafi. Abin da ya fi ƙona mini rai, har da mijina. Fasto taubashinsa ne, tare suka tashi, kuma shi aka roƙa ya gina dandamalin wa'azi. Ya ce, "Inna, zan riƙa zuwa can in zo nan." Ba ta dube shi ba. Ta ce mini, "Matar wancan, faɗa masa ƙafa biyu gare shi, ba huɗu ba."

Garejin ya cika, ba zan ɓoye ba. Daga bakin titi kana jin kiɗa. Mutanen unguwar suka yi magana da mai garejin, mai garejin ya ja kunnen Fasto, ya sake ja, ya ce masa ƙarara an kai ƙara, za a zo. Wannan duk daga baya muka ji, daga bakin mai garejin. Fasto bai faɗa wa kowa ba. A makon ne ya ce Ruhu ya kira shi azumi da addu'a a kan dutse, ya bi motar masu yawon buɗe ido ya hau Assekrem. Ya bar wa wani wa'azin, ya ce kada a rage murya.

Ranar Juma'a da hantsi 'yan sanda suka kewaye garejin ana tsakiyar waƙa. Aka kwashe kowa, maza da mata, aka rufe ƙofa da kwaɗo. Matan da ke da goyo da masu takarda aka sake su. Sauran, har da mijina, aka loda su a manyan motoci zuwa kudu, aka sauke su a hamada, aka nuna musu hanyar Assamaka, garin bakin iyaka, da yatsa. Cikinsu akwai wani magidanci mai gyaran takalma, mai ciwon ƙirji, da mata da 'ya'ya a Tasawa. Bai kai ba. Mijina na cikin waɗanda suka tona masa rami da hannu. Fasto ya sauko daga dutse da hotunan fitowar rana a salularsa, ya ji labari, ya tattara kayansa ya yi arewa.

A lokacin ina da ciki, na fari bayan dogon jira. Da labari ya iske ni a bakin famfo, na ji marata ta murɗa. Kafin yamma cikin ya zube.

Wannan matar da ba ta taɓa yabon miyata ba, ita ta ɗauke ni daga ƙasa. Ban san inda tsohuwa ta samo ƙarfin ba. Ta goya ni har bakin titi ta tare mota zuwa gidan likita. Da muka dawo ta rufe sana'arta, ta dafa ruwan zafi safe da yamma tana gasa mini jiki, ta wanke zannuwana da hannunta, ta dama kunun kanwa ta tsaya a kaina. In na kau da kai sai ta ce, "Sha. Ba roƙonki nake ba." Wata mata ta zo dubiya ta fara cewa wataƙila akwai zunubin da ba a tuba ba a gidan. Inna ta ɗauko takalman matar ta jefa su waje ta kan katanga, ta ce, "Bi su." Bayan na warke ba ta sake tayar da maganar ba, ko sau ɗaya, har ta koma ga Mahaliccinta.

Juma'ar da ta biyo bayan kamen ina kwance, fuskata a bango. Na ji ƙarar tsintsiya a ɗakin can. Ta leƙo ta ce, "Tashi ki karanta."

Na ce, "Inna, wa zan karanta wa? Babu kowa. An kwashe su. Ɗanku ma ba mu san ko yana da rai ba."

Ta ce, "Ni ba kowa ba ce?"

Na ce, "Ni ba ni da abin da zan ce wa Allah yau."

Ta ce, "To ki zo ki yi masa shiru a can. Amma ɗakin nan ba zai kwana a rufe ranar Juma'a ba don wani sakarai ya sayi lasifika."

Ta kama ni muka tafi. Na karanta ina kuka, haushinta ya cika ni. Ita kaɗai ta yi waƙar. Sannan ta yi addu'a, ta kira waɗanda aka kwashe ɗaya bayan ɗaya da sunan garuruwansu. Da ta zo kan ɗanta sai ta ce, "Da wancan."

Mai gidan da muke haya ya aiko cewa mu nemi wani wuri, don maganar gareji ta zaga gari. Ta je ta same shi. Ta ce, "Shekara nawa muna nan, ka taɓa jin muryarmu?" Ya ce bai taɓa ba. Ta ce, "To laifin mai ihu za ka ɗora wa mai raɗa?" Ya yi dariya a cikin rawaninsa, ya bar mu.

Sannu a hankali suka fara dawowa, waɗanda suka sake ƙetaro hamada da waɗanda aka saki. Suna zuwa suna raɓe-raɓe a bakin ƙofa. Ba ta kori kowa ba, ba ta kuma ce wa kowa "ai na faɗa muku" ba. Tsintsiya kawai take miƙa wa mutum. Mijina ya dawo bayan watanni, ya rame, ƙafarsa ɗaya ta lalace, har yau yana ɗingishi. Ya durƙusa a gabanta. Ta dube shi ta ce, "Bangon ɗakin sujada ya tsage ta gabas. In ka huta ka duba." Ta shige ɗakinta ta ja labule. Na ji abin da na ji ta bayan labulen, amma wannan nata ne.

Ɗakin ya sake cika, ya fi na da. Ta raba mu gida-gida don kada taro ya yi yawa a wuri ɗaya, ta sa wanda ya iya karatu a kowane gida, ita kuma tana zagayawa da sandarta tana duba wanda ya yi fashi. Matar mai gyaran takalma kuwa, duk motar da za ta Tasawa sai Inna ta sa an kai mata garin alkama da taliya da mai.

Fasto ya dawo bara, da sabuwar kwat da sabon laƙabi. Bai je Tasawa ba, bai tambayi inda aka binne mutumin ba. A wa'azinsa ya ce abin da ya faru gwaji ne da Allah ya aiko don a tace ikilisiya. Mai turare da ire-irenta suka sake bin sa. Namu mutanen kuwa yana ta zagayen su.

Da ciwo ya kwantar da Inna, ya zo da tawagarsa da kwalbar mai, wai zai ɗora mata hannu. Numfashi ma da ƙyar take yi. Ta buɗe ido ta gan shi, ta ce, "Ka ci abinci?" Ya ce ya ci. Ta ce, "To sauke hannunka, kaina na ciwo." Ya tsaya ya yi 'yar addu'arsa daga nesa, suka fita.

Da suka tafi ta yafito ni. Na kai kunnena bakinta. Ta ce, "Matar wancan, na yafe masa. An umarce ni, ba yadda zan yi. Jinina ne kuma. In ya zo da yunwa ki ba shi tuwo. In ya zo sujada ki ba shi tabarma." Ta huta, ta lalubo igiyar da ke wuyanta, ta ciro makullin ɗakin ta danna mini a tafin hannu. "Wannan kuwa, ko da wasa."

Washegari da rana ta cika, kanta a kan cinyata.

Bayan an share makoki ya same ni ina wanke tukunya. Ya tausasa murya ya ce, "Matar Yaya, yanzu garke ba makiyayi. Kawo makullin in ɗauke miki nauyi."

Na ce, "Akwai sauran tuwo in za ka ci."

Ya ce, "Ba tuwo na tambaya ba."

Na ce, "Shi aka bar maka."

Ya tsaya yana duban mijina, ko zai sa baki. Mijina ya ja gurguwar ƙafarsa ya gyara zama, ya ci gaba da shan shayinsa.

Ubangiji ya ba ki hutu, Inna, ya sa ki cikin masu ganin fuskarsa. Mu da kika bari ya ba mu rabin taurin kanki. Ke kin yafe. Ni ina roƙo a ba ni lokaci.